Karatun Renon Yara Ba Tare da Barin Aiki Ba

Idan kina aiki a gidan renon yara, nemi NCE, wato satifiket ɗin malanta na Najeriya, a fannin ilimin ƙananan yara. Kwalejojin ilimi da dama na da tsarin karatu na ƙarshen mako ko na dogon hutu. Ki daidaita jadawali da shugabarki tun kafin ki biya kuɗin makaranta, domin lokacin jarrabawa ne aiki da karatu ke cin karo.

Ki ajiye ƙaramin littafi a aljihu. Kullum ki bi yaro ɗaya minti 10, ki rubuta abin da idonki ya gani: "ya jefar da cokali sau 3", ba "yana da rigima" ba. Nan masu koyo suka fi kuskure, suna rubuta hukunci.

Taimakon gaggawa kuwa kada ya jira satifiket. Jaririn da ya shaƙe, a kifa shi bisa hannu, kai ƙasa, a bubbuga tsakanin kafaɗunsa sau 5.