Yadda Malami Zai Sabunta Koyar Da Lissafi Ga Ɗaliban Kimiyya Da Injiniya

Wannan na malamai 'yan uwana ne masu koyar da kwasa-kwasan lissafi na aji ɗaya, MTH 101 da MTH 102, a BUK da sauran jami'o'in da ke Kano. Tun 2022 hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta fito da sabuwar manhajar karatu ta CCMAS ta maye gurbin tsohuwar, BMAS, hukumar ta tsara kashi 70 cikin ɗari, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da ita, to amma gaskiya a ajujuwa da yawa sunan kwas ne kawai ya canza, tsohuwar takardar lakca tana nan yadda take. Ga yadda nake ganin za a bi.

Na farko, kafin a fara zango ka taka ka je sashen injiniyan lantarki ko na fizis, ka zauna da malamansu ka ce su nuna maka inda yara suke kakarewa a aji biyu da aji uku. Abin da suka faɗa shi za ka fi bai wa lokaci.

Na biyu, satin farko ka yi ɗan gwaji wanda babu maki, tambayoyi kaɗan a kan aljabara da logaridim da kusurwoyi. Wani ya yi Further Maths a WAEC, wani bai taɓa ganin dy/dx, alamar kalkulas, ba, kuma duk suna benci ɗaya, in ba ka san haka ba rabin zauren kallonka kawai suke yi.

Na uku shi ne babba: ka fara da matsala, sannan ƙa'ida ta biyo baya. Misali ka shigo aji da kofin shayi mai zafi da ma'aunin zafi, yaro ɗaya yana aunawa duk minti 2, wani yana rubutawa a allo. Za su ga da farko zafin yana sauka da sauri, can kuma sai ya riƙa ja a hankali yana kusantar zafin ɗakin, to a nan ne za ka ce musu ai saurin hucewar ya danganta da tazarar da ke tsakanin zafin shayin da na ɗakin, dokar Newton ke nan, sai ka rubuta dT/dt = -k(T - Ta) inda T ke nufin zafin shayin, Ta zafin ɗakin, t lokaci, k kuma lamba ce da ba ta canzawa, ku warware tare har lambar e ta logaridim ta fito da kanta. Daga nan ka nuna wa 'yan lantarki cewa lissafin nan dai shi ne na kafasita, wato na'urar da ke ajiye caji, idan tana sauke shi, 'yan kemistiri kuma shi ne na abin da ke raguwa da rabi-rabi. Haka matiriks, kar ka fara da haddar ditaminan, zana musu da'irar lantarki mai madauki 3 su fitar da lissafin da dokokin Kirchhoff, su da kansu za su nemi hanya mai sauƙi.

Na huɗu, wayar da ke aljihunsu ta shigo aiki. Manhajar lissafi ta GeoGebra kyauta ce kuma tana zana giraf ko babu data, wanda ke da laftof ya sa manhajar Octave ko Python don yin lissafi, su ma kyauta ne. Amma fa sai sun warware ƙaramin misali da biro tukunna, in ba haka ba danne-danne kawai za ka koya musu. Waɗanda ba su da babbar waya a haɗa su rukuni da masu ita, kar a ce dole sai kowa ya saya, kowa ya san halin da ake ciki.

Sai jarrabawa. Wallahi in tambayoyinka na bara ne da bara waccan, yara za su haddace tsofaffin takardu su watsar da duk abin da ka yi a sama. Ka ware wani ɓangare na makin CA ga aikin rukuni, su auno wani abu na gaske, kamar yadda ruwa ke sauka a tankin hostel, su kawo lambobin da giraf ɗin, ka zaɓi mutum ɗaya cikinsu ba tare da sanarwa ba ya yi bayani a gaban allo. Ajin ya yi yawa? Ka nemi shugaban sashe ya ba ka ɗaliban digiri na biyu su riƙe tutoriyal, ka ba su takardar raba maki guda ɗaya don kar wani rukuni ya ce an cuce shi.