Idan ba ka gaji noma ba, ga inda za ka fara

Ƙanena, tunda ba ka gaji gona ba, kada ka fara da sayen fili. Karɓi hayar kadada ɗaya, ka yi damina biyu a kanta, ka san halin ƙasar. Idan jigawa ce mai yashi, gero, wake, gyaɗa da riɗi ne nata. Fadama kuwa sai shinkafa.

Kafin ka sayi iri, je kasuwar hatsi ta Dawanau a Kano ka ji farashi, ka san wanda zai saya. Ni a nan gefen Gumel riɗi nake sa gaba, saboda dillalan masu fitar da shi waje suna nemansa, amma ba na barin gero, domin sai iyali sun ƙoshi ake lissafin riba.

Sayi littafi ka rubuta komai: huɗa, taki, kuɗin 'yan ƙwadago, har ladan mai amalanke. Kuɗin gona daban, na cefane daban. Haɗa su ne ke kayar da sababbin manoma, kuma wallahi abin na damuna.

Inda ka yi gero bana, sa wake ko gyaɗa baɗi, suna ƙara wa ƙasa ƙarfi. Ajiye 'yan tumaki, harawa ta ciyar da su, kashinsu ya koma gona. Kada ka sare gawo. Da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa shuka rana.

Da kaka farashi kan faɗi. Shanya waken sosai, zuba a buhun PICS, mai leda biyu a ciki da ke hana iska shiga, ba tare da magani ba, ka jira bazara. Iri mai saurin nuna kuwa, tuntuɓi malamin gona na JARDA, hukumar bunƙasa noma ta Jihar Jigawa, tun kafin ruwan Yuni.