Darasi na Bakwai: Halin Mutum da Allurar Rigakafi

Wata ranar Talata, a ajinmu na yamma a Unguwar Rogo da ke Jos, na tambayi ɗalibai ko kowa ya kai ɗansa allurar wata tara. Wasu suka ɗaga hannu, wasu suka sunkuyar da kai.

Malam Sale mai kiwon kaji ne ya fara magana. Ya ce, "Malam, ni fa nawa lafiyarsa ƙalau, ko mura ba ya yi. Me zan je nema?"

Na ce, "Malam Sale, kajinka fa?"

Ya ce, "A'a, kaji ai ba a wasa da su. Ranar ba su rigakafin Gumboro daban, ranar na Lasota daban. In ka kuskure, ka wayi gari kana kwasar mushe."

Aji ya kwashe da dariya, shi ma ya yi. Malam Sale ba jahili ba ne. Ya san amfanin rigakafi fiye da yawancinmu, ga shi kusa da Vom, inda ake haɗa rigakafin dabbobi tun 1924. Ya taɓa ganin kaji suna zubewa, amma bai taɓa ganin yaron da ƙyanda ta makantar ba. Halin ɗan Adam ne, abin da ido bai gani ba zuciya takan raina shi. Ku duba damtsen iyayenmu, za ku ga tabon lamba. Su sun san agana, shi ya sa suka miƙa hannu. An kawar da ita daga duniya a 1980, jikokinsu ko sunanta ba su sani ba.

A 2018 wata masaniyar halayyar ɗan Adam a Jamus, Cornelia Betsch, da abokan aikinta sun tattara abubuwa biyar da ke sa babba ya karɓi rigakafi ko ya ja baya: yarda da maganin da masu ba da shi, raina cutar, wahalar zuwa wurin, yawan lissafi, da tunanin sauran jama'a. Duk biyar ɗin suna zaune a kan bencin ajinmu.

Hajiya Binta ta gyara mayafi ta ce, "Malam, ni ba raini ba ne. Ban yarda ba ne. Me ya sa maganin zazzaɓi sai da kuɗi, wannan kuwa har ɗaki ake biyo mu da shi kyauta?"

Wannan tambaya tana da nauyi, kuma ba na son in ji wani ya kira mai yin ta baƙauyiya. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan. Yara 200 ne a cikin gwajin, 11 suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu. Sai dai Trovan maganin warkarwa ne, ba rigakafi ba. Amma tsoron ya shafi kowa. A 2003 Kano ta dakatar da ɗigon shan inna, ba a dawo da shi ba sai a 2004, kuma a tsakanin nan cutar ta shanye ƙafafun yara da yawa, har ta tsallaka ƙasashen maƙwabta. Da sarakuna da malamai suka shiga gaba, mutane suka buɗe ƙofa. A watan Agusta na 2020 aka ayyana cewa Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar. Mai irin halin Hajiya Binta ba ya jin tsawa. Yana so ya ji daga bakin wanda ya amince da shi, a kuma amsa masa tambayarsa ba tare da hantara ba.

Akwai wani abu da ya fi wannan ɓoyuwa. Wata ƙaramar uwa, Rabi, ta faɗe shi a hankali: "In na kai shi da hannuna ya kwana yana zazzaɓi, ni na jawo masa. In ƙyanda ce ta kama shi, daga Allah ne." Zuciya takan fi jin laifin abin da hannu ya aikata a kan abin da aka bari ya faru, ko da na biyun ya fi muni. Baba Liman, dattijon ajin, ya ce mata, "'Yata, ai cewa aka yi ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali." Zazzaɓin bayan allura yakan wuce cikin kwana ɗaya ko biyu. In ya yi tsanani, ko yaro ya sanƙame, a koma asibiti nan take.

Saura masu sauƙin faɗa ne. Mai yawan lissafi yakan kwana yana sauraron saƙonnin WhatsApp har ya rasa na kamawa. Ya kai tambayarsa wurin ma'aikacin lafiya. Wani ƙato mai dakon buhunan dankali a kasuwar Farin Gada ya raɗa mini cewa tsinin allura kawai yake tsoro. Ya zauna, ya kau da kai, ya ja numfashi. Jariri kuma a ba shi nono lokacin da ake masa. Wadda ta rasa kuɗin keke ko miji ya hana ta fita, wannan ba halinta ba ne, maganar maigida ce.

Jaririn da bai kai wata tara ba, ba a yi masa allurar ƙyanda ba tukuna. Abin da ke kare shi, bayan Allah, shi ne 'ya'yan maƙwabta da aka yi wa.

Aikin gida: nemo katin rigakafin ƙaramin yaron gidanku. Karanta kwanan watan da ke jiki: ranar haihuwa, mako 6, mako 10, mako 14, wata 9, wata 15. Rubuta wanda aka tsallake a littafinka. A ƙarƙashinsa rubuta jimla ɗaya da ta fara da "Abin da ya hana ni shi ne". A zo da katin ranar Alhamis, a cikin leda saboda ruwan sama.