Yadda Za Ka Zama Lauya a Rundunar Sojin Ruwa ta Najeriya

Ƙanena, tunda ka tambaye ni hanyar da na bi, ga ta.

Fara da haɗa takardunka: digirin lauya, sai Makarantar Horon Lauyoyi (ni a Bagauda na yi), a rantsar da kai, ka gama bautar ƙasa ka karɓi takardar sallama. Ka tabbata sunanka da ranar haihuwarka iri ɗaya ne a kowace takarda, har da ta shaidar ƙaramar hukuma, domin harafi ɗaya kan mayar da mutum gida ranar tantancewa. Masu digiri ta ƙofar DSSC suke shiga, wato shirin ɗaukar hafsoshi kai tsaye na gajeren wa'adi, ana cike fom ta intanet idan sanarwa ta fito. Duk wanda ya ce kawo kuɗi ya sa sunanka, ɗan damfara ne.

Tun yau ka koyi iyo, ka riƙa gudun asuba. A kwalejin horo ta Onne, jihar Ribas, babu ruwan kowa da rigar lauyanka. Hafsa za a fara mayar da kai.

Idan ka fito, Dokar Sojoji ta zama abokiyar kwananka. A kotun soja hafsoshi ne ke yanke hukunci, kai kuwa ka faɗa musu abin da doka ta ce ko da duk sun girme ka a muƙami. Ka faɗa da ladabi, amma kada ka rage ko kalma, don shari'ar na iya kaiwa Kotun Ɗaukaka Ƙara.

Ɓangaren teku ne na fi so ka ba ƙarfi. Ka san yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 kan dokar teku kamar tafin hannunka: mil 12 na ruwa daga gaɓa mallakin ƙasa ne, haƙƙin kifi da mai kuma ya kai mil 200. Ka haɗa da dokar yaƙi da fashin teku ta 2019. 'Yan fashin da jirginmu ya kamo, Babbar Kotun Tarayya ake kai su, kuma tambayar farko ita ce: a daidai ina aka kama su? Saboda haka da jirgi ya iso gaɓa, hau da kanka. Buɗe littafin jirgin, kwafi lokaci da wurin kamun, ƙirga bindigogi da harsasai a gaban shaida, ka sa wanda ya fara taɓa kowace bindiga ya rubuta bayaninsa a ranar, tun kafin ya cire takalmi.