Kafin ka ƙara wa inji ƙarfi, ka binciki bulok ɗinsa

Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen masu zuba tukwanen dalma a kasuwar ƙauye ya ga yadda ake yin bulok ɗin inji, wato gangar jikin injin mai ɗauke da ramukan silinda, ko da bai sani ba. A danna yashi a fitar da siffa, a narka ƙarfe a zuba, a jira ya huce, a fasa yashin. Yawancin bulok na baƙin ƙarfe haka ake zuba shi, sai dai masana'anta tana da manyan injuna da ma'aunai. Kuma kamar yadda akan sami tukunya sabuwa fil tana tsatsafar da ruwa ta wani huji kamar bakin allura, haka akan sami bulok ya baro masana'anta da aibinsa a ciki. Wani iska ce ta maƙale a narkakken ƙarfen ta bar ƙananan ramuka, wani yashi ne ya ɓalle ya shige cikinsa. Mafi sharri shi ne idan curin yashin da ake sakawa don ya bar hanyar ruwa ya goce daga mazauninsa, sai bangon silinda ya yi kauri ta wani gefe, ya yi siriri ta ɗaya gefen.

Irin wannan inji yana iya shekara goma lafiya lau. Ranar da aka nemi ya yi abin da ya fi ƙarfinsa ne asiri ke tonuwa. A nan karkarar Kano da Jigawa kuwa ba don tsere ake ƙara wa inji ƙarfi ba, don lodi ne. Direba yana son motarsa ta kwashi buhuna ranar Juma'a a Wudil, ko ta ja kaya daga Maigatari ranar Alhamis ba tare da ta yi nishi ba.

Kuskuren farko yana farawa tun a Kofar Ruwa, kasuwar kayan gyaran mota ta Kano. Mutum ya ga bulok ɗan Baljiyam an wanke shi tas, sai ya ce ai aikin Turawa ne, ba a tambaya. Su ma suna kuskure. Kamfanin Honda da kansa ya tsawaita garantin injin Civic mai lita 1.8 na shekarun 2006 zuwa 2009 har shekara 10, saboda bulok ɗin wasu yana tsagewa yana zubar da ruwa. Kafin ka biya kuɗi, ka goge bulok ɗin, ka shafa masa kananzir a wuraren da kake zargi, ka ɗan jira, ka share, sannan ka barbaɗa garin alli. Inda tsaga take, kananzir zai fito ya zana layi a kan allin. Tsohuwar dabara ce, kuma kuɗinta bai kai na shayin safe ba. In da hali, a toshe hanyoyin ruwa, a hura iska da famfo, a shafa ruwan sabulu a duba inda kumfa ke tashi.

Sai kuskuren da ya fi cinye kuɗin mutane: faɗaɗa ramin silinda har ƙarshe a karo ɗaya. Fistin mai ƙarin girma yakan zo mataki-mataki, milimita 0.25, 0.50, a wasu injuna har 0.75 da 1.00. Mai mota zai ce, "Oga, a sa mini babban kawai, a huta." Bakanike kuma ba ya son musu da Alhaji, sai ya kai wa mai injin yasa. To, ƙarin milimita 1.00 yana nufin an kankare rabin milimita daga bango ta ko'ina. In an yi sa'a bangon daidai yake, shi ke nan. In kuwa irin mai gocaccen curin nan ne, gefen da dama siriri ne ya ƙara zama ɓawon albasa. Daga nan sai ka ji injin yana zafi ba dalili, ringi ba ya riƙe matsi, yana shan baƙin mai, wata rana kuma a hanyar Gumel bangon ya buɗe, ruwa ya haɗu da mai ya zama kamar kunu. Gyaran shi ne a auna ramin sama da tsakiya da ƙasa, a cire iya abin da zai share lalacewar, a tsaya nan. Akwai na'urar da ke auna kaurin bango da sauti, sai dai ba a kowane gareji take ba, don haka wanda ba shi da ita bai kamata ya yi caca da matakin ƙarshe ba. Idan ramin ya ci sosai, gara a sa masa silif, wato bututun ƙarfe da ake cusawa cikin ramin ya zama sabon bango, a mayar da fistin na asali. Ni dai a ganina ɗan ƙarfin da ake samu daga wannan faɗaɗawar bai kai fargabar da ke biyo bayansa ba.

Bayan yasa kuma a wanke ramin da ruwan zafi da sabulu da buroshi, har farin ƙyalle ya fito ba baƙi. Fetur kaɗai ba ya fitar da garin dutsen gugar, kuma shi ne ke cinye sabon ringi.

Akwai kuma ɗora wa gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin bulok da kan silinda, laifin da ba nasa ba. Ya ƙone sau ɗaya, an canza. Ya ƙone sau biyu, an ce jabu ne. A karo na uku ya kamata a ce wani ya ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar bulok ya zura filageji, wato siraran ƙarafan auna rata, a ƙarƙashinsa. Injuna da yawa ba sa yarda da lanƙwasar da ta wuce milimita 0.05 zuwa 0.10. Abin da aka saba shi ne a yi ta aske kan silinda, a bar bulok yadda yake. Kowane aski yana ƙara matsi a ɗakin wuta, matsin kuma yana neman wuri mafi rauni, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ga kuma ɗaure kusoshin kai da ƙarfin damtse da dogon bututu, maimakon sifana mai auna ɗauri, daga tsakiya zuwa waje.

Walda fa? Baƙin ƙarfen zubi ba ƙofar shago ba ne. In ya zama dole, sai an gasa wurin tukuna, a yi amfani da sandar nikel, a binne shi cikin toka ko busasshen yashi ya huce a hankali. Tsagar da ke cikin ramin silinda ko kusa da mazaunin karanshaf kuwa, a haƙura a nemi wani bulok ɗin.

Shi ma bulok mai ɗan aibi yakan daɗe idan an kiyaye masa zafi, amma mu muke gama shi. A cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin ruwan inji, a jefar wai don ƙasarmu akwai rana, a cika lagireto da ruwan rijiya mai barin tsatsa da farin dutse a hanyoyin ruwa. In ya tafasa a zafin Afrilu, sai yaron mota ya ruga ya kwaro ruwan randa ya antaya masa. Ƙarfen da ya yi zafi haka, in sanyi ya buge shi farat ɗaya, daga siririn wurin nan yake fara tsagewa. A kashe motar, a buɗe bonet, a nemi inuwa a zauna, kada kowa ya taɓa murfin lagireto sai injin ya huce.