Kurakuran da mu ƴan keke muke yi a karfur da rompuwan na Yamai

Shekara 9 ke nan ina taka keke daga Haro Banda zuwa wajen aikina kusa da Katako, safe da marece sai na hau gadar Kennedy, kuma abin da idona ya gani a mahaɗar hanyoyi, wato karfur, ya isa in yi magana. Mun saba ɗora laifi kan ƴan taksi da ƴan faba-faba, wallahi sau da yawa suna da laifin, amma yau namu nake so mu duba tunda shi ne ke hannunmu.

Wanda ya fi tada mini hankali shi ne shigewa ta gefen dama na babbar mota. An tsaya a fe, wato fitilar ba da hannu, kamiyo ko siterni ko bis na gaba, sai ka ga ɗan ƙaramin fili tsakaninta da bakin gudron ka ce bari in lallaɓa in je gaba. Ɗan'uwa wannan filin ba hanya ba ce. Direban yana can sama, kujerarshi na hagu, kai kana ƙasa ta dama daidai inda madubinshi ba ya kamawa, wurin da a oto-ekol suke ce ma angil mor. Kuma abin da mutane da yawa ba su lura ba, babbar mota in za ta karya dama sai ta fara buɗewa hagu tukuna, sai ka ɗauka hagu za ta, ka ƙara shigewa, sannan ta naɗo, tayoyin baya kuma ba sa bin sawun na gaba, ciki suke yankowa, filin da ka gani ya rufe kana tsakiya ga dakalin hanya ya hana ka kaucewa. Gyaran ba wuya: in ka iske babbar mota a karfur tsaya bayanta, ka ɗan ja baya har ka hango madubinta. In ba ka ganin fuskar direba cikin madubi to shi ma bai ganin ka. In kuma kai ka riga zuwa ita ta iske ka, matsa gaba sosai inda zai gan ka ta gilas, ka waiwaya ku haɗa ido.

Sai maganar firiyorite, wato wa ke da hanya. Yawancinmu ba mu taɓa zama ajin kod ba, keke ai ba a neman permi, shi ya sa wasu suke ganin dokar ta masu mota ce kawai, wasu kuma suke ganin tunda su ne ƙanana kowa ya kamata ya jira su. Duka biyu kuskure ne. Keke abin hawa ne, dokar da ke kan mota tana kanka, haƙƙin da ke gare ta kai ma kana da shi. A Nijar dama muke bi, kuma karfur ɗin da babu fe babu pano (allon alamar hanya) babu ɗan sanda, wanda ya fito ta hannun damanka shi ke fara wucewa, ko mota ce ko moto ko amalanken jaki. In akwai pano shi ake bi: jan nan mai kusurwa 8 da aka rubuta STOP tsayawa ake yi cak, ƙafa a ƙasa, ba rage gudu ba. Mai kusurwa 3 da aka kifa kai ƙasa yana nufin ka ba wasu hanya, in babu kowa ka wuce. Mai ruwan ɗorawa da farin baki kamar lu'u-lu'u yana ce maka hanyarka ce babba. In kana fitowa daga lungun ƙasa na kartiye ko daga gida ko gidan mai za ka hau gudron, kai ne mai jira. In ɗan sanda na tsaye yana ba da hannu, hannunshi ya fi fe ya fi pano.

To amma ga inda nake so a fahimce ni. Sanin kana da hanya daban, shiga gaban mota saboda kana da hanya daban. Mota mai gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa guda, kafin direba ya gan ka ya kai ƙafa ga birki motar ta tsaya ta ci mita 25 zuwa 30, a busasshen gudron ke nan da birki mai kyau. Kai kuma daga tsaye ka taso ka ƙetare hanya mai faɗi sai ka yi daƙiƙa 4 ko 5, motar da ka hango can nesa ka ce ai da saura ta riga ta iso. Ko ƙwai ya faɗa kan dutse ko dutse ya faɗa kan ƙwai an san wanda ke fashewa. Ni abin da nake yi, ba na kallon sigina, tayar gaba nake kallo, in tana rage juyawa ya gan ni, in ba ta rage ba sai in bar shi ya wuce da gaskiyata a aljihu.

Rompuwan kuma, wato shataletale, nan ne ake rikicewa ƙwarai, je ka tsaya minti 10 a Gadafawa ko Egiliz ko Wadata wajen ƙarfe 7 da rabi na safe ka ga. Ana shiga ta dama a zagaya, inda aka kafa pano mai kusurwa 3 a bakin shiga wanda ke ciki shi ke da hanya, kai mai shigowa ka jira. Kuskurenmu guda biyu ne. Akwai masu yanke, za su hagu sai su ƙi zagayawa su bi ta baya-baya suna fuskantar motoci, wai don gajarta hanya, direban da ke shigowa kuwa hagunshi yake kallo, ba ya tsammanin wani abu ta dama. Akwai kuma masu manne wa bakin rompuwan kamar ƙadangare a bango, duk mafitar da suka zo wucewa motar da ke son fita sai ta yanke su. Ka ɗan shigo cikin layinka, kamar mita guda daga baki, ka miƙa hannun hagu in za ka wuce wata mafita don na baya ya san ba fita za ka yi ba, in taka ta zo ka miƙa dama. Za a yi maka oda, a yi. Wanda ya yi maka oda ya gan ka ke nan. In rompuwan ya cika ya fi ƙarfinka, ko kana ɗauke da buhu ko yaro a baya, sauka ka tura keken ka ƙetare inda masu ƙafa suke bi, babu abin kunya ciki, ni kaina ina yi lokacin azumi dab da shan ruwa da kowa ke gudu.

Karya hagu a babbar hanya irin Mali Bero shi ma haka, kar ka taso daga can bakin dama ka yanko layi biyu lokaci guda. Waiwaya tukuna, miƙa hannu, sake waiwayawa. In motoci sun yi yawa raba shi biyu: wuce karfur ɗin miƙe, tsaya a kusurwar can, juya kan keken, jira fe na wancan ɓangaren.

Sans antardi, wato bin hannun da ba naka ba kana fuskantar motoci, ba sai na daɗe ba, hujjar da ake kawowa wai gara in ga motar da ke zuwa, amma gudunka da nata haɗuwa suke, kuma duk mai fitowa daga lungu ba ta wajenka yake dubawa ba.

Fe ja kuma a tsaya. Ina ganin yara ƴan lokol suna bin bayan ƴan moto suna ƙetare ja, moto yana da injin da zai fidda shi, kai ƙafa gare ka. Ko kore ya kama kar ka zabura nan take, ƙirga 1, 2, don kusan kullum akwai wanda ke ƙoƙarin wucewa da ƙarshen nashi. Ranar da wuta ta ɗauke fe ya mutu, pano ake komawa, in babu shi a koma dokar dama.

Ni faɗuwar da na yi mai tsanani ba mota ce ta buge ni ba. Na fito daga karfur ina bin bayan wata taksi dab da dab, wata mata ta ɗaga hannu, direban ya taka birki ya ja dama ba sigina, na damƙe birkin gaba ina kan rairayin da ruwan Agusta ya tara a bakin gudron, tayar ta zame, na yi sati 3 ban iya ɗaga kafaɗa ba. Taksinmu ko'ina yake tsayawa in ya ga fasinja, musamman bayan karfur inda mutane ke jira, don haka bar tsawon mota guda tsakaninku kuma ka riƙa duba bakin hanya, in ka ga mai ɗaga hannu ka san abin da zai biyo. Kan rairayi rage gudu tun kana miƙe kafin ka karya, ka matsa birki biyu a hankali, na baya ya ɗan riga.

Kuma don Allah birkin ya kasance akwai shi. Keke nawa ke yawo cikin garin nan silifas ne birkinsu? Robar birki da waya ba su kai kuɗin ɗinki a likita ba. Da dare ko lokacin hazo farar fitila a gaba ja a baya, ko ƙaramar torshi ce ka ɗaure da roba, farar riga ta fi baƙa, ekuter a cire daga kunne, salula a aljihu, kaske in da hali.

In Allah ya kawo tsautsayi gabanka, wani ya tsaya ya tare motoci, wani ya kira 18 na ƴan pompiye, 17 na ƴan sanda. Wanda ya bugu a kai ko wuya ko baya kar a ciccibe shi a tura cikin taksi, kar a ba shi ruwa, in jini na zuba a danne wurin da tsabtataccen ƙyalle, a yi mishi inuwa a riƙa yi mishi magana har su iso.