Babi na Shida: Yadda Ake Riƙe Ƙwallo Lokacin Ɗinki

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wannan babin kan gyaran ƙwallo ne, wato tamaula, wacce yaranmu ke bugawa a filin firamare da bayan gari, in ta yage su kawo wa mai gyaran takalmi ko su jefar. Kar kowa ya ji tsoro don bai taɓa riƙe basilla ba, sannu sannu za mu bi, wanda karatunsa bai yi ƙarfi ba ya sa na kusa da shi ya karanta masa sau biyu, ba abin kunya ba ne.

Darasi na 1: Abin zaunar da ƙwallo

Ɗauki ƙwallo ka ɗora a cinyarka ka saki hannu. Me ya faru? Ta gangara. Toh wannan shi ne duk matsalar, ƙwallo ba ta da gindin zama, kai kuma hannu biyu Allah ya ba ka kuma duka biyun ɗinki zai cinye su, ɗaya na riƙe allura ɗaya na jan zare, saboda haka dole a samu abu na uku da zai riƙe maka ita.

Mafi sauƙi shi ne gammo. E, gammon da kuka sani, na ɗaukar tulu. Ka samu tsohon zani ko buhu ka murɗe shi ka naɗe ya yi zobe, ka ɗaure shi da igiya wuri huɗu kar ya warware. Ramin tsakiya kar ya kai taƙi ɗaya, domin ƙwallon manya faɗinta kusan santimita 22 ne, in ramin ya yi faɗi da yawa za ta faɗa ciki ta taɓa ƙasa ta ci gaba da juyawa, in kuma ya yi ƙanƙanta za ta tsaya a sama tana rawa. Abin da muke so ta zauna kamar tukunya kan murhu. Wanda ba shi da tsumma ya yi amfani da bakin ƙaramin bokiti, ko tsohuwar robar fenti, ko ƙaramin turmi, amma ka shimfiɗa ƙyalle a bakin don kar ya kankare fatar. Ban da gwangwanin da aka yanka bakinsa na da kaifi, na ga wanda ya zo gyara yaga ɗaya ya tashi da biyu.

Na biyu shi ne matsi, wannan sai ka je wajen kafinta. Katako biyu ne masu tsawon kamu ɗaya, faɗinsu kamar tafin hannu, a sa ɗan guntun katako tsakaninsu daga ƙasa a buga ƙusa, daga sama kuma a fere bakinsu yadda za su haɗu kamar bakin agwagwa. Ka manna ɗan ƙyallen fata a cikin bakin, ka yanko tsohon tub na babur ka naɗe tsakiya da shi ya riƙa matsewa. In za ka yi aiki sai ka zauna kan 'yar kujera ka sa matsin tsakanin gwiwoyinka ka danne. Irin wannan katakon masu ɗinkin ƙwallo na garin Siyalkot a Pakistan ke aiki da shi, kuma daga garin nan ne mafi yawan ƙwallayen ɗinkin hannu na duniya ke fitowa, saboda haka kar wani ya raina katako biyu da roba.

Bambancinsu ka riƙe shi da kyau. Gammo na riƙe ƙwallo dunƙule. Matsi kuwa bakin fata biyu da za a haɗa kawai yake kamawa, kuma sai ƙwallo ta yi laushi ba iska. Kar ka ce za ka cusa ƙwallo mai iska a matsi.

Rubuta waɗannan a littafinka, kowacce sau uku: gammo, matsi, basilla, zare.

Darasi na 2: Kafin allura ta taɓa fata

Nan ne nake so kowa ya buɗe kunne, Baba na baya can har da kai, don nan ne ake faɗuwa.

A cikin kowace ƙwallo akwai jakar roba, ita ke riƙe iska, ita muke ce wa bilada. Fatar waje riga ce kawai. In ka huda riga ba komai, ai ɗinki ma hudawa ne, amma in ka huda bilada ka kashe ƙwallo. Kuma bilada tana manne da fata daga ciki, ba ka ganinta, allura tana shiga ita za ta fara samu.

Saboda haka abu huɗu, a jere, ba a tsallake ko ɗaya: gammo, iska, yatsa, sannan allura.

Gammo, wato ka zaunar da ƙwallo, wurin yagar yana kallon sama, yana kallon fuskarka. Iska, wato ka ɗauki allurar famfo, ka jiƙa ta da ruwa ko yawu, ka sa a hancin ƙwallo, wato ɗan ramin da ake hura iska ta cikinsa, a hankali a miƙe ba a karkace ba, ka danna ƙwallon har ta yi laushi kamar tumatirin da ya kwana uku. Yatsa, wato ka zura yatsanka ta cikin yagar ka tura bilada ƙasa, ka ji da kanka cewa ta rabu da fata, akwai fili tsakaninsu. Sai a nan ne allura.

Mu sake. Gammo, iska, yatsa, sannan allura. Ka faɗa da baki yanzu, ba a zuci ba. Madalla.

In yagar ƙarama ce yatsa ba ya shiga, ka sa bayan cokali, ko ka yanko ɗan guntun fata mai kauri ka zura tsakanin bilada da riga ya zama garkuwa, in allura ta zarce shi za ta samu. Amma dan Allah ka tuna ka zare shi kafin ka rufe ɗinki, an taɓa ɗinke wa wani cokali a cikin ƙwallo a ajin nan, har yau ana masa tsiya.

Akwai wuri ɗaya da yatsa ba zai yi aiki ba, shi ne kewayen hanci. A nan an manne bilada da fata da gam, ba ta turuwa, in ka matsa mata da ƙarfi za ka ɓalle hancin. In yagar tana kusa da hanci sai ka yi amfani da garkuwar fata kawai, ka tafi a hankali kamar mai tafiya kan ƙaya. In kuma buɗe ƙwallon za ka yi don ka kai ga bilada, ka buɗe ta can bayan hanci, ɓangaren da ya fi nisa da shi.

Na san wasu za su ce Malam ai mun ji. Kun ji ɗin, amma ajin bara ma haka suka ce min, rana ɗaya aka huda bilada uku, kuma duka ukun dalili ɗaya ne, mutum ya sauke iska ya ga ƙwallo ta yi laushi sai ya ɗauka shikenan ya tsallake yatsa. Laushi ba ya nufin bilada ta janye, sau da yawa tana nan liƙe da fata saboda zafi da daɗewa. Sai ka taɓa ka ji. Kuma ba sau ɗaya ake yi ba, duk lokacin da ka juya ƙwallo a kan gammo bilada na iya dawowa ta kwanta a ƙarƙashin ɗinkinka, don haka in ka juya, ka sake sa yatsa. In ka tashi ka je sallah ka dawo, ka sake sa yatsa. In wani ya yi maka magana ka ɗago kai, kafin ka mayar da allura, yatsa.

Haba jama'a, mutum da gemunsa a ce masa abu huɗu ya kasa riƙewa? Kuna ƙirga kuɗin buhun masara a ka ba takarda ba biro, amma wannan sai gaggawa. Ina za ku? Ƙwallon ba taka ba ce, ta wani yaro ce da suka yi karo-karo da abokansa suka saya, in ka huda kai za ka biya. Toh ku yi haƙuri na ɗaga murya, amma gara ku ji daga bakina.

Rubuta a littafinka sau biyar: gammo, iska, yatsa, sannan allura.

Darasi na 3: Ƙwallo mai igiya

Dattawan cikinmu wasu sun ga irin ta da, ta fata zalla mai tsaga a gefe ɗaya da ramuka, ana ɗaure ta da igiyar fata kamar takalmi. Biladarta na da dogon wuya, a hura ta ta nan, a ɗaure wuyan, a lanƙwasa a cusa ƙarƙashin harshen fata, sannan a saƙa igiya a rufe tsagar. Da irinta aka buga wasan ƙarshe na kofin duniya na farko a 1930 a Urugwai, har ma aka yi gardama kan ƙwallon wa za a buga, aka ce rabin farko da ta Ajantina rabi na biyu da ta masu gida, Ajantina na gaba da ci 2 da 1 a hutun rabin lokaci, aka tashi Urugwai 4 Ajantina 2. Masu buga ƙwallo da kai sun sha wuya da wannan igiyar, tana tsaga goshi, balle in fata ta sha ruwan sama ta yi nauyi. A 1931 wasu mutum uku a garin Bel Bil na Ajantina suka fito da ƙwallo mai hanci marar igiya, daga nan a hankali ta da ta ɓace a filin tamaula. Ƙwallon Amurka mai kama da gwanda dai har yanzu tana da igiyarta.

Na kawo ta ne don ita ce ta fi kowacce buƙatar gammo, domin ita kaɗai ce ake saƙawa da iska a ciki, ba halin saukewa. Ga ta a kumbure tana son gudu, ga bilada a cike tana turo harshe. In aka kawo maka irinta, ka zaunar da ita kan gammo a ƙasa, ka sa tafin ƙafafunka biyu ka tallafe gefe da gefe, ka yi aiki da allura mai dakusasshen baki, ban da mai tsini. Tunda iska ba ta sauka, yatsa ya zama dole ninki biyu, ka danna harshen fata ƙasa da babban yatsa sannan ka wuce da allura ta samansa, rami bayan rami, kar ka ja igiya da ƙarfi tun farko, ka bar ta sako-sako sai ka gama ramukan sannan ka bi kana tsuke su ɗaya bayan ɗaya. Jelar igiya a cusa ƙarƙashin saƙar, ba a ƙulli a waje.

Darasi na 4: Ɗinkin kansa

Ƙwallon da muka saba gani mai baƙi da fari ƙyalle 32 gare ta, 12 masu kusurwa biyar, 20 masu kusurwa shida, tun kofin duniya na 1970 a Meziko ta yi suna. Kowane ƙyalle da ramukansa a baki, kai ba sabon rami za ka huda ba, tsofaffin za ka bi.

Yanko zaren lailon mai ƙarfi kamar kamu uku, ka goge shi da kakin zuma, ka zura allura a kowane ƙarshe, wato allura biyu zare ɗaya. Ka fara daga rami biyu kafin inda yagar ta soma. Allurar dama ta shiga rami ta fita hagu, ta hagu ta shiga wannan ramin dai ta fita dama. In yagar babba ce har kana iya jawo bakin fatar waje, ka kama su da matsi ka ɗinka, in ƙarama ce ka bar ta kan gammo. Ramuka na ƙarshe ka bar su sako-sako, sai ka gama ka tsuke, ka ƙulla, ka tura ƙullin ciki da bayan allura.

Kuma kafin kowane ɗayan nan, ka san abin da zan ce. Yatsa.

Darasi na 5: Hura iska

Jiƙa allurar famfo. Hura kaɗan ka duba ɗinki, in ya zauna ka ƙara. Dubi kusa da hanci, yawanci akwai lambobi a rubuce da ke nuna yawan iskar da take ɗauka, ka gwada karanta su da kanka. Lamba 5 babba ita ce girman ƙwallo, ta manya kenan, 4 ta yara ce. Shafa ruwan sabulu a hanci da kan ɗinki, in ka ga kumfa na tashi iska na fita, ka koma darasi na 2.

Darasi na 6: Wadda ba a karɓa

Wasu ƙwallayen yanzu ba zare a jikinsu, da zafi aka manne su. In ka duba ba ka ga rami ba ka mayar wa mai ita, ba aikin allura ba ne.

Ranar Asabar kowa ya zo da gammonsa da tsohuwar ƙwallo ɗaya. Masu matsi su zo da shi.